Tseren Mita Ɗari a Bayan Kasuwar Jugu

Shekarar da aka yi wasannin Olamfik a Mosko ina da shekara goma sha bakwai, ina karatu a lise, wato makarantar sakandare, a Paraku, kuma duk makarantarmu babu yarinyar da ke riga ni a gudu. Na faɗi wannan tun da fari ne don a gane abin da ya sa maganar ta tsaya mini a rai har yau.

An ba mu dogon hutu na koma gida Jugu. Damina ta sauka, azumi kuma ya kama. Mahaifina goro yake sayarwa, kamar ubansa da kakansa, yana da shago a bakin kasuwa da rediyo mai rigar fata wanda ba ya bari kowa ya murɗa. Da azumi ciniki yakan mutu bayan la'asar, sai mutane su taru a bencin ƙofar shagon suna jiran rana ta faɗi. A wannan shekarar abin da ya tara su shi ne labarin wasanni. Tashar Kotonu da Faransanci take bayarwa, shi kuwa Baba Faransancinsa bai wuce na duwan, wato kwastan, da na ofishin haraji ba. Shi ya sa aka ajiye mini kujera daga cikin shagon, bayan huhunan goro, inda ba a ganina sosai amma ana jin muryata. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa ba ya kiran sunana.

"Uwata, me ya ce?"

Wannan tambayar na sha ta fiye da ruwan buɗa baki.

Mutum biyu ne ba sa fashi. Akwai wani direba ɗan Nijar da ke jigila tsakanin Jugu da Paraku, dogo, mai yawan magana. Ƙasarsa ba ta je Mosko ba, tana cikin waɗanda suka ƙaurace, kuma wannan ya ba shi damar yin cika baki ba tare da tsoron a kunyata shi ba. Kullum sai ya tuna mana cewa shekara takwas da suka wuce ɗan dambensu ya dawo da medayi, lambar yabo, da an bar su sun je da yanzu an gama magana. Sai kuma wani tela ɗan Najeriya, shagonsa na jikin namu. Shi 'yan ƙasarsa sun je, a watannin baya ma sun ci kofin ƙwallo na Afirka, don haka ya shigo wasannin yana hura hanci. Baba shi kaɗai ne na Benin tsakani da Allah. A nan aka haife shi, a nan aka binne kakansa, kuma in direba ya ce "ku 'yan Dahome" don tsokana, da tsohon sunan, sai ya gyara masa sunan ƙasar da fuska a ɗaure.

Abin da ya fi ba ni haushi a makonni biyun nan shi ne mai ba da labarin. Zai ɗauki lokaci mai tsawo yana bayanin yadda aka karɓi kamarad ɗinmu, wato ɗan wasanmu, hannu bibbiyu, da girman filin, da zumuncin al'ummomi, sannan a ƙarshe, cikin jimla ɗaya da sauri kamar mai satar hanya, ya ce an fitar da namu a zagayen farko. Ni kuma in juya in faɗa.

"Duk wannan surutun da ya yi, abin da ya ce ke nan?" in ji tela.

"Sauran duk gaisuwa ce, Kawu."

"Anya 'yar lakwal ba ta rage mana ba?" in ji direba, don lakwal ake ce wa makarantar boko a wurinmu. "Ki ƙara kasa kunne."

Kamar ni ce nake kayar da su. In na ce an doke ɗan dambenmu, Baba ya yi tsaki ya kalle ni. In na ce 'yan ƙwallon Najeriya sun sha kashi, tela ya ce ba haka ya ji a tashar da yake kamawa da safe ba, alhali haka ya ji. Rana ɗaya ce kawai aka yi mini godiya, ranar da wani ɗan gajeren mutumin Habasha ya ci dogon tsere karo na biyu. Ranar su duka uku suka zama 'yan Habasha.

Ranar Lahadi aka rufe wasannin. Hadari ya haɗu, rediyo na ta ƙara, ana jin kiɗa da tafin mutanen da ba mu gani. Aka karanto ƙasashen da suka samu lamba. Na saurara har ƙarshe, na ce babu Benin, babu Najeriya. Baba ya miƙa hannu ya kashe rediyon. Saura kaɗan a sha ruwa, kowa bakinsa ya bushe, kuma ina jin yunwa ta taimaka wa fushin.

Tela ne ya fara. Ya ce waɗanda aka tura ba gudu suka je yi ba, yawon buɗe ido suka je, 'ya'yan manya ne da aka zaɓa a ofis. Direba ya ce shi a hanyar Bariyenu ya taɓa ganin wani saurayi ya bi zomo da ƙafa ya kama, amma wa zai je Bariyenu neman ɗan wasa? Baba, wanda ban taɓa ji ya zagi gwamnati a fili ba, ya rage murya ya ce a kasuwar nan akwai 'yan dako da ke ɗaukar huhun goro su yi gudu da shi daga tasha zuwa shago, a sauke musu kayan a ga abin da zai faru.

Da na yi shiru da an sha ruwa an watse. Amma na san abin da ake magana a kai, su kuwa ba su sani ba. Na ce, daga bayan huhuna, wanda ya ci mita ɗari a sakan goma da ɗan wani abu ya yi shi, kuma a makarantarmu yaron da ya fi kowa gudu ko kusa da haka ba ya zuwa, ga shi kullum yana motsa jiki.

"Yaran lakwal," in ji direba. "Masu cin burodi."

"Sakan goma ai lokaci ne mai yawa," in ji tela. "A sakan goma sai in zura zare in ɗinke aljihu."

Na ce to a gwada mana. Malaminmu na wasanni yana da kurono, agogon da ake dannawa ya tsaya, ba ya ƙarya.

Kafin ladan ya kira magariba sun gama shirya komai. Washegarin sallah, a filin bayan kasuwa. Tela zai auna, direba zai nemo masu gudu, ni kuma in bi motarsa zuwa Paraku in aro agogon, in kwana wurin gwaggona in dawo. Baba ya yarda nan take, abin da ya ba ni mamaki, don ko biki ba ya barina in je da sauƙi haka.

Hanyar Paraku a lokacin jar ƙasa ce, ruwa ya cinye ta. Sau biyu muka sauka aka tura mota. Direba bai daina magana ba tun daga Jugu, yana ba fasinjoji labarin yadda manyan ƙasashe suka yi rigimarsu aka hana talakan Nijar medayinsa. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta tambaye ni a hankali ko wannan Moskon gaba da Kotonu yake.

Malamin namu, Mushe muke ce masa, a Turu yake zaune, can gefen gari. Na same shi a bayan gidansa yana nome masara, da tsohon wandon wasanni. Ba ya jin Hausa sosai, da Faransanci muka yi magana. Na yi zaton zan tarar da shi cikin fushi kamar mutanenmu, sai na ga gajiya ce kawai a fuskarsa. Shi kaɗai a ɗakinsa ya saurari wasannin daga farko har ƙarshe. Ya ce ya san irin filin da yaran nan suka yi shiri a kai, irin namu ne, tsakuwa da ciyawa, wasu sai a can suka fara taka filin gaske. Ya ce mai zaginsu bai taɓa tsayawa a layi ya ji ƙafarsa na rawa ba.

Da na gaya masa abin da ya kawo ni, ya yi dariya har ya jingina da fartanya. Ya shiga ɗaki ya fito da agogon a cikin safa, ya riƙe bai ba ni ba.

"Da sharaɗi ɗaya," ya ce. "Ke ma ki yi gudun."

Na ce to. Ban tsaya na yi tunani ba, don abin da nake so ke nan tun ranar Lahadi.

Sai da aka sauko idi, aka ci abinci, Baba ya kishingiɗa a zaure cikin fara'a, sannan na durƙusa na faɗa masa.

"Baba, Mushe ya ce sharaɗin agogon shi ne a bar ni in yi gudu ni ma."

Bai yi faɗa ba. Da ya yi faɗa da na fi samun sauƙi. Ya ce gudun da nake yi a Paraku aikin lakwal ne, gwamnati ce ta sa, bai taɓa hana ni ba, har takalmi ya saya mini. Amma nan Jugu ne, bayan kasuwa, gaban abokan cinikinsa da limamin unguwa.

"Kuma ke ce mai agogo, Uwata. In kin shiga, wa zai danna?"

Na ce ana iya koya wa wani, abu ne mai sauƙi. Ya ce a bar maganar. Innata na jin mu daga tsakar gida, sai daga baya ta ce in saka zanen sallata, kada in fita da wandon nan na lakwal.

Washegari da hantsi muka je filin. Rigima ta fara tun daga awo. Tela da yadi ya saba, ya dage yadi ɗari da mita ɗari duk ɗaya ne, bambancin na Turawa ne. Na juya masa tef ɗinsa na nuna masa ɗaya gefen, na karɓa na riƙa aunawa da kaina, ina durƙusawa ina tashi cikin sabon zane, shi kuma yana bina yana ƙirga da ƙarfi yana ɓatar da ni. Muka ja layi da toka a farko da ƙarshe. Kafin mu gama, filin ya cika da mutane cikin kayan sallah, har da mata masu tallan ƙosai.

Sai ga delege na unguwa, wakilin kwamitin juyin juya hali, ya iso a kan keke. Mutum ne da muka sani, ɗan garin ne, amma in ya sa hular aiki sai ya koma wani. Ya tambayi wanda ya ba da izinin taro. Kowa ya kalli Baba. Baba ya ja shi gefe suka yi magana, ya ba shi goro fari guda biyu. Da suka dawo, delege ya sanar cewa wannan tsere kwamiti ne ya shirya shi don ƙarfafa matasa, kuma zai yi 'yar magana. Ya hau kan turmi. Ya yi da Faransanci, ya maimaita da yaren Dendi, ya ce in juya da Hausa. Ya yi bayanin 'yan mulkin mallaka, da noman auduga, da tsaftar unguwa. Duk inda ya tsaya sai a ɗaga hannu a amsa taken da aka saba amsawa. Masu gudu da suka tuɓe riguna suka gaji suka zauna a ƙasa. Ina fassara ina kallon hadari na tasowa daga gabas.

Mutum takwas suka tsaya a layi: 'yan dako huɗu, mahauta biyu, saurayin nan na Bariyenu da direba ya je ya ɗauko da motarsa, sai direban kansa, ya naɗe wando har gwiwa. Na tsaya a layin ƙarshe. Na ce Baba ya ɗaga hankici daga can, in ya sake shi su tashi, ni kuma in danna. Sau biyu suna tashi kafin hankicin ya bar hannunsa. A na uku aka dace.

Ba su yi gudun banza ba, wannan zan faɗa. Wani ɗan dako baƙi siriri, wanda ya saba sauke wa Baba kaya, ya fita gaba tun daga tsakiya, kansa a sama, hannuwansa na wurgi ko'ina. Na Bariyenu ya biyo shi. Direba ya tsaya a rabin hanya ya riƙe cinya. Ƙirjin ɗan dakon na ƙetare toka na danna.

Aka yanyame ni. Na duba na faɗa: sakan goma sha huɗu da 'yan kai.



"Nawa na Moskon ya yi?" wani ya tambaya.

"Goma da kaɗan."

"To ai kin makara wurin dannawa," in ji tela.

Na ce ban makara ba. Direba ya iso yana ɗingishi ya ce agogon ya sha jijjiga a hanya, ko kuma ruwa ya shige shi. Wani ya ce hannun mace ba ya da sauri. Delege ya ce a sake, kuma a ba namiji babba ya riƙe. Na kalli Baba. Ya ce, "Ba shi, Uwata."

Na nuna wa tela inda ake dannawa, na ce ya kalli hankicin, kada ya kalli masu gudu. Ya ce ya gane. Aka huta kaɗan aka sake tsayawa, wannan karon mutum biyar. Ina tsaye a gefensa, ina kallon babban yatsansa. Hankici ya faɗi, suka tashi, shi kuwa ya buɗe baki yana kallonsu, sai da suka ci kusan kashi ɗaya cikin uku na filin sannan na ji ƙaram. Ɗan dakon nan ya sake cinyewa, a gajiye, ko makaho ya san bai kai gudun farko ba.

Tela ya kai agogon kusa da ido, ya miƙo mini in karanta, don bai san yadda ake karantawa ba.

"Tara da rabi," na ce. "Amma bai danna da wuri ba. Ina gani."

Rabin maganata ta biyu babu wanda ya ji. Filin ya ɗauka da sowa. Aka ɗaga ɗan dakon sama aka zagaya da shi, mata na guɗa, direba ya manta da cinyarsa. Delege ya ce zai rubuta rahoto zuwa sama. Tela na ta nuna agogon ga mutanen da ba su iya karanta shi ba, yana cewa ga shi nan, ya fi na Mosko, an bar zinariya tana dakon goro a Jugu.

Ban san lokacin da na ɗaga murya ba. Na ce ƙarya ne, goma sha huɗu ya yi, kuma ni nan da nake tsaye ina yin ƙasa da haka, a ja layi yanzu a gani. Waɗanda ke kusa suka juyo. Ɗan dakon, yana bisa kafaɗun mutane, ya yi murmushi ya ce shi ya yarda, bismilla. Na fara kwance gyalena.

"Uwata," in ji Baba. Bai ɗaga murya ba. "Karɓi agogon mutane ki tafi gida."

Na karɓa na mayar cikin safarsa. An fara yayyafi. Na bi ta cikin kasuwa a hankali, ina jin guɗarsu a bayana har na kai ƙofar gida.

Kwana da kwanaki ba a maganar komai a bencin Baba sai wannan. Fushinsu bai tafi ba, sai dai ya samu inda zai zauna: yanzu sun tabbata ba a rasa masu gudu ba, zaɓe ne ba a iya ba. Duk wanda ya sauka daga mota sai an ba shi labari, kuma tara da rabin nan a bakin direba har ya koma tara. Ni na daina zuwa shagon. Ba wanda ya neme ni, tunda babu sauran abin fassarawa.

Ana saura kwana biyu in koma makaranta, ɗan dakon ya kawo kaya gidanmu. Ya sauke a zaure, ya tsaya yana goge wuya da tsumma, ya ga babu kowa sai ni.

"'Yar Alhaji, don Allah wanne ne na gaskiya?"

Na ce na farko.

Ya gyaɗa kai. Ya ce shi ma ya ji a jikinsa, a na biyun ƙafarsa ta yi nauyi. Ya ce tun ranar mutane ke tsayar da shi a hanya, wasu na ce masa Mosko, har abin ya fara ba shi kunya. Sai ya tambaye ni ko gaskiya ne masu gudun can a durƙushe suke tashi. Na nuna masa a ƙasan zauren, inda ake sa yatsu da inda ake sa gwiwa, na ce ya daina wurgi da hannu, ya riƙa kai su gaba da baya. Ya gwada sau ɗaya, ya yi dariyar kansa, ya ɗauki gammonsa ya fita.

Da yamma Baba ya kira ni ya ba ni goron da zan kai wa gwaggo da na Mushe. Ina ɗaurewa ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Na san naki ne daidai."

"To me ya sa ba a faɗa ba, Baba?"

"Mutane sun yi sati biyu kullum ana gaya musu an kayar da su. Ki bar musu wannan."

Na ce to, don ba a ja da shi. Amma ban yarda ba, kuma har yanzu ban yarda ba. Su an bar musu abin da ba su yi ba, ni an hana ni abin da zan iya.

A Paraku na kai wa Mushe agogonsa ranar da aka koma. Ya tambaye ni nawa na yi. Na ce ban yi gudun ba, na ba shi labarin duka. Bai ce na karya alkawari ba. Ya danna agogon ya ga yana tafiya, ya sa a aljihu, ya ce in zo in ga wani abu. Muka zagaya bayan azuzuwa. A lokacin kowace makaranta sai ta yi noma, kuma cikin hutu an ƙara wa tamu gona. An bi rabin filin gudunmu da garma, kwanar da nake fara ƙara wuta a mita ɗari huɗu ta zama kunya-kunya, wake har ya fito.

Ya ce zai nemi wani wuri a gefen hanyar jirgin ƙasa. Ya ce in zo ranar Alhamis da takalmina, in kuma faɗa wa sauran 'yan matan. Mu huɗu muka je.